Sabon Bodi, Tsohuwar Lamba: Yadda Ake Tayar da Motocin Da a Ingila

A garin Witney, kimanin kilomita 20 yamma da birnin Oxford a Ingila, akwai masana'antar da har gobe take ƙera bodin wata mota da aka daina yi tun 1980. Abin da ke fitowa daga ƙofarta ba shi da inji, ba taya, ba kujera, ba gilashi. Ƙarfe ne zalla, sabo fil, da ƙofofinsa da murfin injinsa da na but. Mai saye zai zo da tirela ya ɗauka, ya kai gida, inda wata tsohuwar mota da tsatsa ta cinye take jira a kwashe mata kayan ciki a zuba a sabon jikin. Sunan kamfanin British Motor Heritage, motar kuwa MGB ce, 'yar ƙaramar mota mai kujera biyu da rufin da ake naɗewa, wadda Turawan Ingila da Amurkawa suka ɗauki son duniya suka ɗora mata.

Tsakanin 1962 da 1980 masana'antar MG da ke Abingdon ta fitar da MGB sama da 500,000, aka loda mafi yawansu a jirgin ruwa zuwa Amurka. Injinta mai silinda huɗu ne, lita 1.8, irin injin nan mara rikici da bakanike zai kwance ya ɗaura ba tare da kwamfuta ba. In ana canja masa baƙin mai a kan lokaci, yakan daɗe yana aiki. Jikinta ne ba ya daɗewa.

Yadda aka gina motar shi ne tushen matsalar. Motocin farko, da manyan motocin ɗaukar kaya har yanzu, suna da shasi, wato dogayen ƙarafa masu kauri da aka haɗa da na gicciye, waɗanda inji da ƙafafu da bodi duk suke zaune a kai. A irin wannan mota bodi sutura ce kawai. Ana iya kwance shi a ɗaga, a ɗora wani, ƙashin motar na nan yadda yake. MGA, wadda MGB ta gada, haka aka yi ta. Amma da aka zo MGB sai injiniyoyi suka bi sabon salon zamanin, suka jingine shasi, suka lanƙwasa faifan ƙarfe marasa kauri suka yi musu walda wuri guda, bodin ya zama shi ke ɗauke da kansa da duk nauyin motar. Dabarar ta ba ƙafafun direba sarari, ta kuma sa motar ta yi ƙarfi ƙwarai. Sai dai ranar da bodin ya ruɓe, babu wani ƙashi a ƙarƙashi da zai riƙe ta.

A Ingila kuwa ruɓewa ba wuya. Ruwan sama ba ya jiran damina, kuma da hunturu hukumomi kan watsa gishiri a kan tituna don narkar da ƙanƙara. Taya ta kwaso ruwan gishirin nan da laka ta fesa su a ƙarƙashin mota, su sami wani lungu su kwanta, su yi watanni ba su bushe ba. Gishiri na gaggauta tsatsa matuƙa. Masana'antun shekarun 1960 ba su damu da kare cikin lungunan ba. Ana fesa fenti inda ido ke gani, cikin kwaroron ƙarfe kuwa a bar shi kusan tsirara. Sai a tsakiyar shekarun 1970 kamfanin Porsche na Jamus ya fara lulluɓe dukkan bodin motocinsa da tutiya, wasu suka biyo baya a hankali. Kafin dabarar ta game duniya, an riga an rufe Abingdon.

Inda MGB ta fi mutuwa shi ne dokin ƙofa, ƙarfen nan da ya miƙe ƙarƙashin ƙofa daga tayar gaba zuwa ta baya, wanda mutum ke tsallakewa in zai shiga. A ido abu guda ne, amma a ciki faifai ne da dama da aka haɗa suka zama kwaroro, kuma tunda motar ba ta da rufin ƙarfe, su ne ke hana ta karyewa a tsakiya. Tsatsa daga ciki take farawa. Kafin ƙuraje su ɓullo a kan fenti, faifan ciki sun riga sun zama gari. Masana motar suna da gwaji mai sauƙi: a sa jak a ɗaga ta, a dubi ratar da ke tsakanin ƙofa da bodi. In ratar ta canja, ko ƙofar ta ƙi rufuwa, to motar tana lanƙwashewa ne. Daga nan a leƙa daɓen ƙasa, da ramukan batir biyu da ke bayan kujeru a motocin farko, da wurin da sifirin ɗin baya ke kama bodi. Wuri na ƙarshen nan shi ya fi haɗari, don in ya ɓalle ana cikin gudu, ƙafafun baya ne za su goce.

Mai irin wannan mota hanya biyu ke gabansa. Ta farko faci: a yanke ruɓaɓɓen wuri, a yi waldar sabon ƙarfe, a goge, a matsa gaba. Ƙwararren mai walda na iya ceto kusan kowane bodi, amma a ƙasar da ake biyan mai sana'a kuɗin aikinsa awa-awa, lissafin kan gudu ya bar mai mota a baya. Kuma aikin tsatsa ba ya tsayawa inda aka yi ciniki. An buɗe nan, sai a tarar can ma ya tafi. Mutane da yawa sun kashe fiye da darajar motar, suka ƙare da bodi mai faci a kan faci, wanda bayan 'yan shekaru tsatsa ke sake ɓullowa a bakin kowace walda. Akwai kuma 'yan damfara da ke cusa raga da ƙullin cike rami, su shafe da fenti mai sheƙi su kai kasuwa. Shi ya sa masu sayen tsofaffin motoci ke yawo da ɗan maganaɗisu a aljihu: inda ya ƙi kamawa, ba ƙarfe ba ne a wurin.

Hanya ta biyu, wato sabon bodi, ba ta samu ba sai a 1988.

Asalin British Motor Heritage wani ɗan sashe ne da katafaren kamfanin British Leyland ya kafa a 1975 don kula da tsofaffin motocinsa da takardun tarihinsu. A tsakiyar shekarun 1980, wani ma'aikacinsa mai suna David Bishop ya tashi neman ƙarafan matsi na asali da aka yi amfani da su wajen buga sassan MGB. Kowane sashe na bodi yana da nasa: tubalin ƙarfe biyu masu nauyin tan-tan, ɗaya an sassaƙa masa siffar a tudu, ɗaya a kwari, a sa faifan ƙarfe a tsakani, injin matsi ya danne, sashen ya fito da siffarsa. Sassaƙa irin waɗannan daga farko kuɗi ne da ƙaramin kamfani ba zai iya ba, kuma a al'ada da an daina mota sai a sayar da su a narke. An yi sa'a na MGB ba su kai ga tukunyar narki ba. Ɗaruruwansu na nan warwatse, wasu a fili ruwa na dukansu. Aka tattaro, aka wanke, aka gyara, aka nemo firam ɗin da ake ɗaure sassa a kai kafin walda don kada a kuskure awo, aka buɗe ƙaramar masana'anta a Faringdon.

A 1988 aka nuna bodin farko a bajekolin tsofaffin motoci na Birmingham, inda aka ɗauki wata MGB ta 1969 da ta lalace aka sake gina ta a sabon jiki, 'yan kallo na tsaye. Oda ta yi ta shigowa. Bayan mai buɗaɗɗen rufi sai aka ƙara da MGB GT mai rufin ƙarfe, da ƙanwarta MG Midget, da Triumph TR6. Da aka daina ƙera Mini ta asali a Longbridge a watan Oktoban 2000, bayan shekara 41 da mota sama da miliyan 5, kayan bugun bodinta ma suka dawo hannun wannan kamfani, wanda a lokacin ya riga ya koma Witney. A 2001 ya fita daga hannun kamfanin BMW, mai shi a lokacin, ya zama mai zaman kansa.

Tun kafin nan, abin ya kai har uwar kamfanin ta waiwayo. Mazda ta Japan ta fitar da MX-5 a 1989, ƙaramar mota mai buɗaɗɗen rufi irin wadda Ingila ta daina yi, kasuwa kuma ta karɓe ta hannu bibbiyu. Kamfanin Rover, mai sunan MG a lokacin, ya duba ya ga ai ga bodi nan ana bugawa a Faringdon. Aka yi masa kwaskwarima, aka dasa masa injin V8 mai lita 3.9, aka kira motar MG RV8, aka nuna ta a 1992. Kimanin 2,000 aka ƙera zuwa 1995, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu Japan suka tafi. Sashen da aka kafa don hidimar tsofaffin motoci shi ya ba kamfanin sabuwar mota.

Wanda bai taɓa yi ba zai zaci aikin sauya bodi kwana biyu ne: kwance nan, ɗaura can. Masu yi a garejin gida sukan shafe shekara, wasu biyu, wasu fiye. Ana fara wa tsohuwar motar da hoto, kowace waya da kowane bututu, kafin a taɓa sifana. Duk noti da kusa da aka cire sai a sa a 'yar leda a rubuta inda ya fito, don bayan wata goma babu mai tuna wace kusa ce ta riƙe wane abu. A fitar da inji da akwatin giya, a sauke ƙafafun gaba da gadar baya, a zare sitiyari, a cire tanki, da fitilu, da gilashin gaba da firam ɗinsa, da agogunan gaban direba. Abin da ya rage a tsakar gareji shi ne kwarangwal mai ramuka.

A nan ne kuɗi ke fara zuba. Sabon bodin kaɗai ya haura fam dubu goma, ba fenti. Sannan babu mai hankalin da zai ɗauki tsohon bututun birki mai shekara 50 ya maƙala wa sabon ƙarfe. Wayoyin wuta sun bushe sun tsattsage, sai sababbi. Robobin ƙofa da na gilashi sun ƙage. Injin da yake a ƙasa, ai gara a buɗe shi a duba tunda ga dama ta samu. An buɗe kuma sai an yi masa aiki. Kujeru da suka yi kyau a tsohuwar mota, da an ajiye su kusa da sabon fenti sai su zama abin kunya. Da kaɗan-kaɗan sai mutum ya tarar ya sayi rabin mota a kwali. Kusan ko yaushe jimillar ta fi abin da motar za ta yi a kasuwa, kuma masu yin sun sani. Ba don riba suke yi ba. Wani motar mahaifinsa ce, wani a cikinta ya ɗauko amaryarsa, wani kuwa tun yana ɗan makaranta yake mafarkinta.

Babban kuskuren sababbin shiga shi ne gaggawar fenti. MGB ta yi shekara 18 ana ƙera ta, kuma ta sha sauye-sauye. Hannun ƙofa ya canja a 1965. A 1967 aka faɗaɗa ramin da akwatin giya ke zama. A 1974 dokokin Amurka suka tilasta a cire bambar ƙarfe mai ƙyalli a sa baƙa ta roba mai kauri, aka kuma ɗaga motar sama kaɗan. Sabon bodi ba zai dace da kowace shekara ɗari bisa ɗari ba. Wani rami babu shi sai an huda, wani yana nan amma ba a bukatarsa. Ƙarafan matsin ma sun tsufa, kuma tun asali motocin wancan zamani da hannu ake ƙarasa daidaita su. Don haka ƙwararru kan haɗa komai a kan bodin tun yana da fentin farko, ƙofofi da bamba da fitilu da gilashi, su daidaita rata, su huda abin hudawa, sannan su sake kwancewa gaba ɗaya a kai wurin fenti. Wanda ya tsallake wannan mataki zai tsinci kansa riƙe da na'urar huda a kan fentin da ya biya da tsada.

Ta wani fanni sabon bodin ya fi na asali. Ana tsoma shi cikin tankin fentin farko a saki wutar lantarki, fentin ya bi ya manne har cikin lungunan da bindigar feshi ba ta kaiwa. Bayan an gama, mai motar ya toshe bakin kowace haɗa da abin liƙi, ya fesa wani irin kaki mai ruwa a cikin dokin ƙofa da sauran kwaroro. MGB da aka yi wa haka, ake kuma ajiye ta a inuwa da hunturu, za ta iya wuce shekarun da wadda ta fito daga Abingdon ta yi.

Sai tambayar da ke raba kan masu sha'awar motocin da: wannan da ta fito daga gareji, ita ce motar jiya, ko wata ce? Manomi zai ce fartanyar nan ta kakansa ce, alhali an sauya mata ƙota sau uku, maƙeri ya sauya ruwan sau biyu, kuma ba wanda zai ce ya yi ƙarya. Amma fartanya ba ta da takardu, ba ta da lamba, ba a kuma sayar da ita fam dubu ashirin.

A Birtaniya hukumar rajistar motoci, DVLA, mai hedikwata a Swansea, ita ke yanke hukunci. Shekaru da dama ƙa'idarta ita ce: mota za ta riƙe lambarta ta asali in an yi amfani da bodinta na asali, ko kuma sabon bodi fil mai siffa da awo irin na asalin, da rasit a hannu, tare da aƙalla manyan sassa biyu daga tsohuwar motar, cikin inji, akwatin giya, sitiyari, gadoji da ƙafafu. Wanda ya ɗauko tsohon bodin wata mota daban ya zuba kayansa a ciki bai cika sharaɗi ba, domin wancan bodin yana da nasa suna a rajista. Motar da aka kasa tantance asalinta ko shekarunta akan ba ta lamba mai farawa da harafin Q, kuma lambar Q na karya farashi, tana wahalar da inshora. Batun ba na ado ba ne kawai: motar da ta haura shekara 40 ana ɗauke mata harajin hanya, kuma tun watan Mayun 2018 an ɗauke mata gwajin lafiya na shekara-shekara muddin ba a yi mata gagarumin sauyi ba. A watan Agustan 2025 hukumar ta sassauta ƙa'idojin don sauƙaƙa wa masu gyara riƙe lambobinsu na asali.

Kotu ma ta taɓa shiga maganar, a kan wata mota da ta fi MGB daraja nesa ba kusa ba. Bentley ce ta tsere da ake wa laƙabi da Old Number One, wadda ta lashe gasar awa 24 ta Le Mans a Faransa sau biyu, 1929 da 1930, attajiri Woolf Barnato na cikin direbobinta duka biyun. Bayan nan aka yi ta sauya mata sassa, har shasi da inji. A 1932 ta yi mummunan haɗari a filin tsere na Brooklands, direbanta Clive Dunfee ya mutu, aka sake gina ta da wani bodi. A 1990 mai ita, Ed Hubbard, ya yi cinikinta da kamfanin Middlebridge a kan fam miliyan 10. Mai sayen ya janye, yana cewa abin da aka ba shi ba motar da ta ci Le Mans ba ce, tunda ɗan abin da ya rage na 1929 bai taka kara ya karya ba. Mai shari'a Otton na babbar kotun Landan ya ba mai sayarwa gaskiya. Hujjarsa ita ce tarihin motar bai taɓa yankewa ba: kowane sauyi a kanta aka yi shi, ɗaya bayan ɗaya, kuma babu wata mota a duniya da za ta iya da'awar wannan suna.

Kamfanonin da kansu ma ba su ɗauki bodi da tsarki ba. Sashen gasa na kamfanin motoci na BMC da ke Abingdon, wanda motocinsa Mini Cooper S suka lashe gasar Monte Carlo a 1964 da 1965 da 1967, ya saba in mota ta dawo daga tsere a ragargaje a zuba kayanta a sabon bodi, a mayar da lambar, a sake tura ta fage. A wurinsu kayan aiki ce.

Duk da haka masu adawa da sauya bodi suna da magana mai nauyi. A motar da ba ta da shasi, bodin shi ne motar. Waldar da ma'aikatan 1965 suka yi, da fentin da rana ta kodar, da ɗan lotsawar da mai ita na farko ya yi, duk shaida ce da ba a sayo ta a kwali. Ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, ta fitar da Yarjejeniyar Turin da ta fara aiki a 2013, wadda ke kira da a adana abin asali gwargwadon iko, a rubuta duk sauyin da aka yi. Kasuwa ma ta karkata can. A manyan gwanjo, motar da ba a taɓa ba, ko da fentinta ya dusashe, takan doke wadda aka sabunta tas.

Gaskiyar ita ce ba a yi wa duk motoci hukunci ɗaya. Motar da aka ƙera guda goma sha biyu kacal, ko wadda ta ci wata gasa, kowane taƙi na ƙarfenta ya cancanci a wahala a kansa, ko da facin zai ci ninkin kuɗin sabo. MGB kuwa an yi rabin miliyan, gidajen tarihi sun riga sun ajiye nasu, kuma wadda dokin ƙofarta ya zama gari ba tarihi take adanawa ba, haɗari take jira. Ba zaɓi ne tsakanin asali da sabo ba. Zaɓi ne tsakanin sabon bodi da 'yan gwangwan. Abin da ya kamata a ƙi shi ne ɓoyewa. Mini Cooper S ta ninka Mini gama-gari a farashi, kuma an sha kama masu ɗaukar takardun wadda ta mutu tuntuni su liƙa wa wata, su sayar a matsayin ta asali. Wanda ya sauya bodi ya ajiye rasit da hotuna, ya faɗa wa mai saye baki da baki, bai cuci kowa ba. Da yawan masu saye ma sun fi son haka, don sun san ba za su gamu da tsatsa ba. Mai son tabbatarwa na iya rubuta wa ma'ajiyar takardu ta gidan tarihin motoci da ke Gaydon, a duba littafin masana'anta a ba shi takardar shaida mai ɗauke da ranar da aka ƙera motar, launinta na farko da lambobinta, ya gwada da abin da ke gabansa.

A Amurka sana'ar ta fi girma. Kamfanin Dynacorn na California, da izinin Ford da General Motors, yana sayar da sababbin bodin Mustang na shekarun 1960 da Camaro ta 1969, kuma kayan gyara sun wadata har mutum na iya haɗa mota sukutum ba tare da ko kusa ɗaya ta wancan zamani ba. Can doka ta fi tsauri a kan lambar shasi: cire ta ko sauya ta laifi ne a dokar tarayya, in ban da inda gyara ya tilasta, kuma kowace jiha da nata tsarin. A Ingila ma wasu sun wuce gyara. Kamfanin Frontline na dasa injin Mazda na zamani a bodin Witney, RBW kuwa batir da injin lantarki yake sawa. Waɗannan sababbin motoci ne da tsohuwar fuska, kuma masu yin su ba sa ɓoye hakan. Wani bincike da tarayyar ƙungiyoyin tsofaffin motoci ta Birtaniya ta fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa harkar na juya fam biliyan 7.2 a shekara, tana ciyar da ma'aikata sama da 30,000.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi ba gishirin titi ne damuwarsa ba. Busasshiyar iska gata ce ga ƙarfe, shi ya sa Peugeot 504 da aka haɗa a Kaduna, inda masana'antar ta fara aiki a 1975, har yanzu ake ganin wasu da daɓensu lafiya lau, rana ce kawai ta ci fenti da roba. Dalili guda ne ya sa Turawan Ingila suka riƙa zuwa California da Arizona suna sayo MGB da aka kai can tun da, su dawo da su gida su mayar da sitiyari dama. Amma motocin Beljiyom da na Amurka da ake shigo da su ta Kwatano da Legas, da yawansu sun sha hunturu goma a kan titin gishiri, kuma kusan duk ƙananan motocin yau bodinsu ke ɗauke da su kamar MGB. Mai saye da ya tsaya kallon fenti da sanyin esi bai durƙusa ya leƙa ƙarƙashin ƙofa ba, ya bar wurin da ya fi muhimmanci.

Aiki na ƙarshe a sauya bodi shi ne wanda aka fi mantawa: tsohon kwarangwal. Bai kamata a sayar da shi ga wani ya gyara ba, don in ya koma titi za a sami mota biyu masu da'awar suna ɗaya, kuma irin wannan rikici ya sha kai masu motoci masu tsada gaban alƙali. Masu bin ƙa'ida sukan cire 'yar farantin lambar su mayar da ita kan sabon bodin, su ɗauki hoton tsohon ta kowace kusurwa, sannan su sa injin yanka su daddatsa shi, su kai wa masu awon ƙarfe, su karɓi rasit su haɗa da sauran takardun motar.